Daren da Goggo ta kama ni da bayi a sararin samaniya

A wasan Galactic Civilizations II mugunta lakadan take biya, alheri kuwa sai ka jira. Kamfanin Stardock na Amurka ne ya fitar da wasan a 2006, kuma har zuwa daren da zan ba ku labari shi nake bugawa, domin duk ranar da na ɗora wa tsohuwar kwamfutata wasan Stellaris na 2016 sai fankarta ta kama kururuwa har maƙwabta su leƙo. Shi wannan tsohon, za a ba ka duniya guda da 'yan jirage a shekarar 2225, a ce je ka mallaki taurari. Sau da yawa jirginka na sauka a sabuwar duniya allo zai tsayar da kai da tambaya mai amsa uku. Misali an tarar da wasu halittu 'yan asalin wurin: ko ka bar musu ƙasarsu ka yi asarar fili, ko ka killace su a gefe, ko ka sa su bauta masana'antunka su ƙara gudu.

Ni kuwa tun safe ina shagon gyaran waya a Shara Mansur da ke Makka, ina haƙuri da masu rantsuwa cewa wayarsu ba ta taɓa shiga ruwa ba alhali tana ɗiga. Kafin isha'i haƙurin yini ya ƙare. Da daddare amsa ta uku nake dannawa, hankalina kwance.

A daren da abin ya faru ina waya da wani abokina na Jidda, ina ba shi labarin ci gaban da na samu. Ban san Goggo na bayan labule da tiren shayi ba. Abin da ya shiga kunnenta shi ne: “Ai na tattara su duka na zuba su haƙar ma'adinai, ko riyal ba na biyansu. Na gaba kuwa da suka yi min gardama, iskar guba na sakar musu.” Sai ƙarar ajiye tire kawai na ji, da takun silifa yana nisa.

Wanda bai san Goggo ba zai ce ta cika zuzuta abu. Mahaifinta a ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya bi ta Chadi da Darfur har Sawakin, ya ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa, kuma ta tashi da labarin mahajjatan da aka sayar a hanya. Sai a 1962 aka soke bauta a ƙasar nan ta Saudiyya, tana yarinya, ta kuma tuna. Kalmar “bayi” ba ta da wurin wasa a gidanmu.

Washegari bayan la'asar na dawo na tarar da takalma jibge a ƙofar majalisa. An kira Kawu daga Rusaifa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, “Zauna. Mutum nawa ne, kuma a ina ka ajiye su?”

Na ce, “Kawu, ai biliyoyi ne.”

Goggo ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

Ya ce, “Takardar iƙamarsu fa? Wane ne kafilinsu?”

Da ƙyar aka bar ni na ɗauko kwamfutar. Kawu ya sa tabarau ya daɗe yana kallon taurari, sannan ya yanke hukuncin da ya fi hani ciwo. Ya ce wasa ba laifi ba ne, amma hannun da ya saba danna zalunci a allo wata rana zai danna shi a kasuwa. Don haka a sake sabon wasa, ni ne mai tuƙi, shi ne mai zaɓi.

Haka muka fara daular salihai. Muka bar wa 'yan ƙasa filayensu. Muka biya kuɗin ceto wasu dabbobi da ko ƙafafunsu ba mu iya ƙirgawa ba. Duk tambayar da ta fito, Kawu zai ce in fassara masa, ya shafa gemu, ya zaɓi wadda ta fi tsada. Baitulmali ya fara ramewa. Na ce a ɗaga haraji, ya ce ba da yawunsa ba, talakawa na fama. Na nuna masa cewa idan bashi ya wuce ƙima masana'antu tsayawa suke cak, ya ce arziki na Allah ne. Goggo ta ji daɗi har ta sa aka raɗa wa wata koriyar duniya sunanta, ta ƙara kawo shayi da mutabbak.

Akwai wani bincike a wasan da ake kira Xeno Ethics, wanda in ka kammala shi za ka ayyana ɓangarenka gaba ɗaya, kuma in ka zaɓi abin da ya saɓa wa halin da ka nuna a baya sai ka biya kuɗi. Na yi wa Kawu bayani tsakani da Allah. Mutanen kirki suna samun kariya mai ƙarfi da farin jini wurin masu hali irin nasu. Mugaye suna samun makamai masu zafi da wata cibiyar juya tunanin jama'a. 'Yan ba-ruwanmu suna samun manyan makarantun bincike, da gyaran filaye kyauta, da rangwame wurin sayen jirage. Na lura girarsa ta motsa da na ambaci rangwame, mutumin da ya shekara talatin yana sayar wa alhazai darduma da tasbaha, amma Goggo na zaune, sai ya ce alheri.

Daga nan Drengin suka iso. Su ne azzaluman wasan, waɗanda a tarihinsa suka bautar da al'ummar Torian, kuma ba a san su da ƙyamar naman maƙwabci ba. Kawu ya ce a yi musu nasiha. Na ce babu maɓallin nasiha. Ya ce to a kai musu kyauta, ai alheri gadon barci ne. Suka karɓi kyautar, suka yi 'yan makonni, suka dawo da jirage ninki biyu, ina kyautata zaton da kuɗinmu aka ƙera su. Aminanmu Altarian, masu kama da mutane da daɗin baki, suna nan suna yabon halinmu, jirgi ko ɗaya ban gani ba. Garkuwar tamu ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba, sai dai garkuwa ba ta korar wanda ya zo da niyyar kwana.

Wajen ƙarfe ɗayan dare koriyar duniyar ta faɗi. Na sanar da murya ƙasa-ƙasa cewa an ci Goggo da yaƙi. Ta matso ta ga tutar Drengin a kan sunanta, ta tambaya me za su yi da mutanen ciki. Na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta taɓa kafaɗata ta ce, “Kai ɗan nan, wannan iskar da ka ce kana saki jiya, ta ƙare ne?”

Kawu ya ce, “Yaya!”

Ta ce ita tambaya kawai ta yi.

Ya miƙe ya naɗe kwamfutar a cikin gutrarsa, ya ce zai tafi da ita gida don ya kare ni daga fitina. Tun ranar ban sake ganinta ba. Ɗansa ya tsegunta min cewa an sake sabon wasa, an zaɓi ɓangaren rangwame, kuma daular tana bunƙasa. Shekaranjiya ina tsakiyar canza wa wata waya gilashi Kawu ya kira, ko sallama a gaggauce. Wai ya gano dabarar mamaya da ake biyan kuɗi a yi farfaganda, talakawan abokin gaba da ba sa jin daɗin mulkinsu su dawo ɓangarenka, yana so ya san ko wannan cin hanci ne ko taimakon raunana. Na ce ya tambayi malaminsu. Ya ce ya tambaya, malam ya ce sai ya ga wasan da idonsa, don haka in aiko da caja kafin Juma'a.