Su ma masu guna-gunin a saurare su

Na karanta wani rahoto da ya ce 'yan kallo sun rabu biyu kan yadda ake yi wa tsofaffin wasannin bale, wato rawar dandamali ta Turawa da ake yi kan yatsun ƙafa, sabon zubi. Ni dai ina tare da masu sabuntawa.

Ga misali wasan Giselle, tun 1841 aka fara nuna shi a Faris: yarinyar ƙauye ce wani ɗan sarauta ya yaudare ta, ta mutu, fatalwarta kuma ta yafe masa. Marigayiya Dada Masilo, mai tsara rawa ta Afirka ta Kudu, ta sake gina shi a 2017, ƙafa ba takalmi, ta mai da sarauniyar fatalwowin da ke cikin wasan boka mai riƙe da izga, ta kuma cire yafiyar gaba ɗaya. A waya muka kalli guntunsa da 'yata a gidanmu na Agege. Bale na asali kan sa ta gyangyaɗi, amma ranar nan ko ƙifta ido ba ta yi, daga baya na same ta ta dafa bayan kujera tana gwada tsayuwa kan yatsun ƙafa.

Sai dai malam marubucin rahoton, ba ka kyauta ba da ka kira masu guna-guni 'yan gargajiya kawai. Wanda ya sayi tikiti don jin kiɗan da ya saba, ya tarar an canza, yana da hakkin ɓacin rai. A riƙa bayyana wa mutane tun a talla.

Legas fa akwai masu kallo. Wani yaro na unguwar Ajangbadi da aka ɗauki bidiyonsa yana rawar bale cikin ruwan sama a 2020, har a kasuwarmu aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu ana kallonsa.