Hita Marar Tanki da Surukata a Gandun Yellowstone

A Amurka akwai wata irin mota da suke kira RV, wadda a cikinta akwai gadaje da wurin girki da banɗaki, mutum ya kwashi iyalinsa ya shiga daji, ya kwana duk inda doka ta yarda a kwana. Masu irin wannan mota sun rabu gida biyu a kan al'amarin ruwan wanka, kuma da wuya ka sauka a wani sansani ba ka tarar da dattawa biyu suna wannan musu a gindin bishiya ba. Wasu suna riƙe da tsohuwar hita mai tanki, wadda take dafa ruwa ta ajiye shi, wasu kuma sun koma wa sabuwa marar tanki, wadda take dafa ruwan a daidai lokacin da yake wucewa ta cikin bututunta. Ni na zauna a ɓangarorin biyu, kuma sauya sheƙar da na yi ta zo daidai da ziyarar da surukata ta kawo mana daga Katsina.

Motar da na saya ta hannu a Denver, inda muke zaune, ta zo da hita mai tanki na galan 6, wato kimanin lita 23. Halinta sananne ne: a kunna ta da gas ko da lantarki, a ba ta kamar rabin awa, ta kai ruwan kusan digiri 60, sannan mai wanka ya surka da na sanyi ya yi abin da zai yi cikin hanzari. Idan ya tsaya waƙa a ƙarƙashin shawa, wanda ke bayansa a layi shi zai biya bashin. A gidana kuwa layin wanka yana farawa ne daga yara, ya bi ta kan uwarsu, ya ƙare a kaina, saboda haka abin da nake samu a kullum shi ne ruwan da ya taɓa yin zafi a wani lokaci da ya wuce.

Da aka tabbatar da zuwan Hajiya, sai na ga bai dace a ce mace mai shekaru, wadda ko a hunturun Katsina ba ta alwala sai an ɗumama mata ruwa, ta shiga wannan layi ba. Na je wani shagon kayan irin waɗannan motoci, inda wani saurayi mai zaƙin baki ya nuna mini hita marar tanki, ya ce wutarta ta ninka ta tsohuwar sau huɗu ko fiye, ba ta ƙona gas wajen gadin ruwan da babu mai amfani da shi, ba ta ɗora wa mota nauyin tanki cike da ruwa, kuma ruwan zafinta ba shi da iyaka. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Makaniki ya cire tsohuwar ya ɗaura sabuwar, na jona tiyo daga famfon gida na gwada ta a ƙofar gareji, na yi wanka har sai da tururi ya rufe madubi, na fito na shaida wa uwargida cewa zamanin layi ya wuce.

Muka kama hanya a watan Satumba zuwa Yellowstone, gandun da aka keɓe tun 1872, wanda mafi yawansa yake cikin jihar Wyoming. A duk faɗin gandun, sansani ɗaya ne kawai, na Fishing Bridge, yake da wurin jona mota da ruwa da lantarki da bututun zubar da ruwan datti, kuma masu rabo sun kama gurabensa tun watanni kafin mu yi tunanin tafiya. Mu sai muka samu wuri a Madison, inda babu abin jonawa ko ɗaya, kowa yana rayuwa da abin da ya ɗauko a cikin motarsa. Abin da muka ɗauko shi ne tankin ruwa mai tsabta na galan 40, kimanin lita 150, da wani tankin a ƙarƙashin mota wanda yake tara ruwan da aka yi wanka da wanke-wanke da shi.

A daren farko yara suka shiga wanka ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake na riga na yi musu albishir cewa ruwan zafi ba ya ƙarewa, sai suka ɗauki maganar mahaifinsu da muhimmancin da ba su taɓa ba ta ba. Shawa tana zubar da lita 6 ko 7 a minti ɗaya, wanda yake nufin rashin iyakar da aka sayar mini yana da tsawon minti ashirin da 'yan kai. Ƙaramin yana cikin ɗauraye kumfa sai ya ƙwala kira: "Abba, ruwa yana fitowa daga ƙasa!" Tankin datti, wanda bai kai na ruwa girma ba, ya cika, ya fara mayar mana da ajiyarmu ta ramin banɗaki. Washegari sai da muka naɗe gadaje, muka ɗaure tukwane, muka tayar da gidan gaba ɗaya har da Hajiya a zaune a cikinsa da carbinta, muka tafi wurin zubar da ruwan datti muka bi layi, sannan muka sake cika tanki. Daga ranar na kafa dokar tsimin ruwa, kuma a nan ne rigima ta ainihi ta fara.

Hita marar tanki ba ta kunna wutarta sai ta ji ruwa yana gudu da ƙarfi a cikinta, aƙalla lita 2 zuwa 3 a minti ɗaya, gwargwadon samfurin da mutum ya saya. Halinta irin na mai shayin da ba ya hura wuta don kofi ɗaya ne. Hajiya kuwa, idan za ta yi alwala, tana buɗe famfo ne ɗan siriri, gwargwadon abin da zai cika tafin hannu, domin ta tashi a kan cewa ko a bakin kogi mutum yake ba a yarda ya yi almubazzaranci da ruwan alwala ba. Da asuba, lokacin da raɓa ta daskare a kan gilashin mota, ina kwance ina jin injin tura ruwa yana yin gurnani yana tsayawa, hita tana ƙyasta wuta tana fasawa, har Hajiya ta idar da alwalarta da ruwan da ya kwana a cikin tanki mai sanyin ƙanƙara. Ba ta ce mini komai ba, domin tsakanina da ita akwai kunya, kuma ko da muna zaune a kujeru masu fuskantar juna, saƙonta ta hannun 'yarta yake biyowa. Sai na ji ta ce a hankali: "Ki tambayi maigidanki, shi ruwan zafin nasa da wane lokaci yake tashi daga barci?"

Uwargida ta juyo ta ce, "Abban yara, ka ji dai."

Na yi bayani, ina kallon rufin mota, cewa sai an buɗe famfon gaba ɗaya an bar shi ya zuba na ɗan lokaci kafin zafin ya iso. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce wa 'yarta, wato sai an zubar da ruwa a banza kafin a samu na ibada, Allah Ya kyauta.

Wankana ya zo da rana tsaka. Wanda yake tsimin ruwa a daji yana da hanya ɗaya: ya jiƙa jikinsa, ya rufe famfo, ya goga sabulu, ya sake buɗewa ya ɗauraye. Da tsohuwar hita wannan ba matsala ba ne, tunda ruwan yana nan a tanki yana jira. Ita sabuwar kuwa da zarar an rufe famfo sai ta kashe wuta, idan aka sake buɗewa sai ragowar mai zafi da ke cikin bututu ya fara fitowa ya kwantar wa mutum da hankali, sannan na sanyin da ya wuce kafin wuta ta kama ya biyo baya, sannan mai zafi ya dawo. Ina tsaye idanuna a rufe da kumfa lokacin da kashi na biyu ya sauka a gadon bayana. A gidana na Denver da na yi ihun da maƙwabta za su kira 'yan sanda, amma a nan tsakanina da surukata ƙofa ce ta siririn katako, tana zaune ba ta fi taku biyu daga gare ni ba tana lazimi. Na haɗiye ihun, ya fito a matsayin wani salati mai rawar murya. Da zafin ya dawo ya zo da ƙarfinsa, na murɗa famfon sanyi domin in surka, wanda hakan ya rage gudun ruwan da ke bi ta cikin hita, ita kuma ta ga an raina ta, ta sake kashe wuta. Gaba kura, baya sayaki. Daga waje na ji Hajiya tana tambaya ko lafiya maigidan yake, uwargida kuma tana amsawa da muryar da na san dariya take dannewa, cewa zikiri yake yi.

Maƙwabcinmu a sansanin wani dattijo ne Bature mai tsohuwar mota, wanda ya ga na buɗe murfin hita daga waje ina leƙe, ya matso da kofin kofinsa a hannu. Ya ce na'urar lafiyarta ƙalau, ba a surka mata ruwa ne, ana saita zafin da ake so a jikin allonta, a buɗe famfon zafi kaɗai, kuma kada a rufe sai an gama. Ya ƙara da cewa muna sama da mita 2,000 daga doron teku, inda iska ba ta da kauri, kuma wutar gas tana rasa kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfinta a kowace mita 300, ga shi ruwan da ake ba ta ya fi na gari sanyi nesa ba kusa ba. Na tambaye shi wace iri yake amfani da ita. Ya nuna mini tasa mai tanki, ya ce abin da take nema a wurinsa bai wuce ya sauya mata sandar ƙarfen da ke hana tanki tsatsa idan ta cinye ba, ya zubar da ruwanta kafin hunturu, kuma kada ya kunna mata lantarki alhali babu ruwa a ciki. Ya koma motarsa, ba da jimawa ba na hango tururi yana fita ta tagar banɗakinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne cikin dare. Na'urar tana da tsarin kare kanta daga daskarewa, domin siraran bututunta suna fashewa idan ruwa ya zama ƙanƙara a cikinsu. Saboda haka da tsakar dare, lokacin da babu mai wanka kuma babu mai alwala, sai in ji ta ta kunna wuta da kanta, tana cin gas ɗina da batir ɗina, tana ɗumama jikinta.

Muka je kallon Old Faithful, maɓuɓɓugar da take tsartuwa kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, tana watsa dubban litoci na tafasasshen ruwa sama har fiye da mita 30. A gandun akwai wurare sama da 10,000 da ƙasa take fitar da ruwan zafi ko tururi ko taɓo mai tafasa, kuma kusan rabin irin waɗannan maɓuɓɓugai masu tsartuwa na duniya a nan suke. An haramta shiga cikinsu, an haramta sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa wa masu kallo, kuma da dalili, domin sun hallaka mutane. Hajiya ta tsaya da mayafinta ta kalli ruwan yana tashi, ta yi tasbihi, sannan ta ce wa jikarta, da ƙarfin da zai iso kunnena: "Kin ga ikon Allah, wannan babu gas, babu batir, kuma ana cewa ga lokacinsa sai ya zo."

Da muka koma sansani ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta sa aka ɗauko babbar tukunyar da muke dafa shinkafa, aka ɗora a kan murhun gas, aka nemo bokitin da nake wanke mota da shi aka wanke shi tas, ta fito da butarta daga cikin jaka, wadda ta ɗauko tun daga Katsina duk da an gaya mata ba za a buƙace ta ba. Kowa ya samu rabin bokiti surkakke da kofin roba, ita kuma tana cika fulas da daddare domin alwalar asuba. Tankinmu, wanda yara suka kusa ƙarar da shi a dare ɗaya, ya kai mu har ƙarshen zamanmu, kuma ban sake yin salati a banɗaki ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa a hanyar dawowa mun kwana a garin Cody, a wani sansani mai tiyo da lantarki da bututun zubar da datti, kuma a can na'urar ta yi duk abin da saurayin nan ya yi alkawari. Mutum biyar suka yi wanka a jere, ruwan bai sauya ba. A ganina wanda yake sauka a irin waɗannan wurare kaɗai, kuma yana da iyali masu yawa, ita ce ta dace da shi. Wanda kuma yake shiga inda ake auna ruwa da kofi, gara ya riƙe mai tanki da rowarta, domin galan 6 ɗin da ta ce za ta bayar tana bayarwa, ko an buɗe famfo siriri ko an buɗe shi duka.

Da muka iso Denver na koma wurin makanikin na tambaye shi tsohuwar hitata. Ya ce ai ya sayar da ita tun makon da ya cire ta, ga wani mutum da ya zo yana neman a cire masa marar tanki, amma idan ina so zai yi mini odar sabuwa, ga kuɗinta, ga kuɗin aiki. Na ce zan yi shawara. A daren nan na ji Hajiya tana waya da ƙanwarta a Katsina, tana yabon motar, tana cewa akwai gado, akwai firji, har da banɗaki a ciki, sirikin nata kuma yana da ƙoƙari ƙwarai. Da aka tambaye ta batun sanyi sai ta ce: "Ruwan zafi ne dai ba su iya ba tukuna, amma na nuna musu, na kuma bar musu butar."