Gadar Lissafi da ƙusoshinta

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandare, kuma babu ajin da ya bi ta hannuna bai sha labarin Gadar Lissafi ta birnin Kambirij a Ingila ba. Nakan ce musu Isaac Newton ne ya haɗa ta da katako zalla, babu ƙusa ko ɗaya, lissafi kaɗai ke riƙe da ita. In na ga barci ya fara ɗaukar 'yan bayan aji, da ita nake tashe su.

To, bara Allah ya kai ni Ingila wajen bikin kammala karatun ɗan ƙanwata. Ya ce, "Kawu, ina kake so in kai ka?" Ban ce fadar sarki ba, ban ce filin ƙwallo ba. Na ce gada.

Muka hau jirgin ƙasa a tashar King's Cross, cikin ƙasa da awa ɗaya muna Kambirij. Na sha babbar riga da hula zanna, don ba a zuwa gaishe da manya da ƙananan kaya. Muka taka har titin Silver, yaron ya tsaya ya nuna min da baki.

"Ga ta can."

"Ina?"

Wallahi na ɗauka tsani ne aka kwantar. 'Yar gada ce ta ƙafa a kan kogin Cam, tana haɗa ɓangarori biyu na kwalejin Queens'. Kyau kam akwai shi: katakan duk miƙaƙƙu ne, amma yadda aka jera su sai idonka ya ga baka. Na fara yi wa yaron darasi, hannu a sama, sai na hango wasu abubuwa baƙaƙe a mahaɗar katakan. Na goge tabarau. Suna nan. Ƙusoshi ne da notuna, manya-manya, ko kunya ba sa ji.

Na ce ai wasu masu ƙaiƙayin hannu ne suka kwance ta daga baya suka kasa mayarwa. Yaron nan, da kuɗina aka yi masa kaciya, ya zaro waya ya karanta min a gaban Turawa: William Etheridge ya zana ta, James Essex ya gina a 1749, an sake gina ta a 1866 da 1905. Newton kuwa ya rasu tun 1727. Wato bawan Allah ya shekara ashirin da biyu a ƙasa kafin a sare katakon farko.

Maimakon in haƙura, sai na ce sai na duba ta ta ƙasa. Muka yi hayar kwale-kwalen nan mai faɗi da ake turawa da doguwar sanda. Ya ce a ɗauki matuƙi, na ce ni da na yi yarinta a Yauri? Gaskiya a bakin ruwa na yi yarintar, ba a cikinsa ba, amma wannan bai shafe shi ba.

Turi biyu na farko lafiya lau. A na uku, daidai gindin gadar, na ɗaga kai ina ƙirga notuna, sandar ta kafe a laka.

"Kawu, saki! Saki sandar!"

Ni kuwa na biya kuɗin ajiya a kanta. Kwale-kwale ya yi gaba da yaro, ni da sanda muka tsaya muna shawara, babbar riga ta buɗe kamar laima. Sanyin ruwan nan har cikin haƙori. Hulata ta bi wasu agwagi, masu yawon buɗe ido suka yi ta tafi daga kan gadar titin Silver.

A jirgin komawa, ina ƙudundune cikin rigar sanyi mai tambarin jami'a da yaron ya saya min, saƙo ya shigo daga wani tsohon ɗalibina da ya ji ina Ingila: "Malam, ka ga gadar? Da gaske babu ƙusa?"

Yau wata bakwai ke nan, ina ce masa wayata ce ta jiƙe.