Agogon da ke kiran agaji, da karon (tayil) da na shimfiɗa wa Inna

Shekara shida ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a birnin Liyon na Faransa. Kusan duk gidan da na shiga sai na tarar da tsohuwa da wani ɗan maɓalli rataye a wuya kamar laya. In ta faɗi sai ta danna, wani ya amsa mata daga ofis ta lasifika, ya kira ɗanta ko motar asibiti. Wasu na'urorin ba sa ma jiran a danna. Tun 2018 agogon Apple ke gane faɗuwa mai ƙarfi, in mutum ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba sai ya kira masu agaji da kansa. Ga kuma manhajojin waya da ke tambayar tsoho kowace safiya ko ya sha magani, ko yana jin jiri, su nuna masa yadda zai motsa ƙafafu.

Ba wasa suka ɗauki abin ba. Da gwamnatin Faransa ta fito da shirin rage faɗuwar tsofaffi a 2022, ta ce a shekara ana samun faɗuwa kusan miliyan 2 ga waɗanda suka haura 65, fiye da 130,000 su kwanta asibiti, kusan 10,000 su rasu.

Na taɓa tsayawa a kanti zan saya wa Inna irin agogon nan in aika Maradi. Sai na tambayi kaina, wa zai kira? Da wane harshe zai yi mata magana, ita da ko boko ba ta karantawa? Wa zai riƙa sa masa caji ranar da aka ɗauke wuta? Kuma gidanmu mutum goma sha huɗu ne. Kafin agogo ya gama ƙirga mintinsa, jikoki sun cika ɗaki, maƙwabciya ta shigo da mayafi a hannu. An ƙera abin nan ne don tsohuwar da za ta kwana a ƙasa ba wanda ya sani, don haka na mayar da shi na fito ina jin mun fi su.

Wata uku bayan nan Inna ta faɗi. Da asuba ne, ta fito alwala, ba wuta, silifas ɗinta ya sha ruwa. Kuma a kan me ta zame? A kan karon da ni na aika kuɗi aka shimfiɗa a barandarta da banɗaki, mai sheƙi, wanda na zaɓa da kaina a hoto saboda kada a ce ƴarta tana Turai ita tana kan siminti. Daɓen da ta yi shekara arba'in tana takawa bai taɓa kayar da ita ba. Mu ƴan waje mu ji wannan da kyau, don kusan dukanmu da karo muke fara gyaran gidan iyaye.

Abin da ya fi ci mini rai, mutum goma sha huɗun nan ba wanda ya sani sai bayan kwana huɗu, da ƙanwata ta ga tana sallah a zaune. Na kira na ce, "Inna, don Allah me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Ke ƴar nan, santsi ne kawai, sai in tada hankalin mutane?" Allah ya tsare, buguwa ce a ƙugu, ba karaya ba. Da karaya ce, na san mai ɗori za a fara nema, alhali karayar ƙugun tsoho aikin tiyata ce, kuma yawan kwanciyar da ke biyo baya ita ke ƙarasa mutane da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Mu dai sai mu ce kwana ne ya ƙare.

To ni a ganina, maɓalli da agogo labarin faɗuwa suke kawowa bayan an riga an faɗi. Abin da ke da amfani a manhajojin nan shi ne rashin kunyarsu: suna yin tambayar da mu ladabi ke hana mu yi wa iyaye. Kin faɗi a bana? Kina jin ƙafa ba ta ɗaukarki? Kina tsoron faɗuwa? Likitoci da yawa da waɗannan ukun suke farawa. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko dala: tsoho ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, a sa ido. Maganin hawan jini yana iya kawo jiri in an miƙe da sauri, don haka a zauna bakin gado tukuna, a kuma gaya wa likita, ba a daina sha da ka ba. Yanar ido kuwa ana cire ta.

Sai wata ɗabi'armu da muke kira biyayya: "Inna ki zauna, a kawo miki." Buta a kawo, tabarma a kawo, har ƙafa ta mutu a zaune. Tsohuwa ƴar shekara 88 da nake kula da ita a nan, kullum wayarta sai ta sa ta tashi-zauna sau goma tana riƙe da tebur. A gidanmu in jika ya sa kakarsa haka, cewa za a yi ba shi da tarbiyya.

Yanzu dai an sa fitila mai cajin rana daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, an shimfiɗa roba a wurin alwala. Ɗiyar yayana ita ce manhajar: duk Juma'a tana yi mata tambayoyin nan uku cikin wasan jika da kaka, ta turo mini muryar ta WhatsApp. Wannan Inna tana amsawa, har da tsokana. Sanda ce ta ƙi. Na aika mai kyau, mai roba a gindi, ta ce ita ba ta kai nan ba tukuna, an ce mini da ita ake korar awaki daga bakin rumbu.