Kuka a gaban fim ɗin gicciye bai isa ba

Duk shekara idan Ista ta ƙarato, sai ka ga Facebook ya cika da guntayen bidiyo daga fim ɗin The Passion of the Christ, yawanci wurin bulalar nan, ana rubuta a ƙasa cewa wanda bai yi kuka ba zuciyarsa dutse ce. 'Yan'uwa, ni ma na yi kukan, ba na raina hawayen kowa. Amma ra'ayina shi ne fim ɗin ya ƙware wajen nuna yadda aka kashe Yesu, ya kuma gaza wajen nuna dalilin mutuwar. Wanda yake so ya san abin da Kirista ya gaskata, in ya tsaya a fim ɗin kaɗai, zai tashi da rabin labari.

Mel Gibson ne ya shirya shi, ya fito a 2004, ranar Larabar Toka, wato ranar da Kiristoci ke fara azumin kafin Ista. An ɗauke shi a Italiya, babban ɓangare a tsohon garin Matera, 'yan wasan kuma suna magana da Aramiyanci da Latin da ɗan Ibrananci. Kimanin dala miliyan 30 aka kashe, ya dawo da fiye da miliyan 600. Awa biyu da 'yan mintuna ne, kusan dukansu a kan awoyi goma sha biyu na ƙarshe kafin mutuwar Yesu, daga lambun Gatsemani zuwa Golgota.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Mun saba da gicciye har ya daina ba mu tsoro. Muna rataya shi a wuya, na zinariya, mai sheƙi. A wurin Romawa kuwa hukunci ne na bayi da 'yan tawaye, an tsara shi don mutum ya daɗe yana mutuwa tsirara a bakin hanya, kowa na kallo. Bayan an murƙushe tawayen Spartakus a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, mutum kusan 6,000 aka jera a kan gicciye a hanyar da ta nufi Roma. A 1968 masu tonon tarihi sun samu ƙashin diddigen wani mutum a Urushalima, ƙusar ƙarfe na nan cake a ciki. Shi ya sa manzo Bulus ya ce wa'azin Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga al'ummai. Ba wanda zai zauna ya ƙirƙiro wa addininsa irin wannan mafari don ya burge mutane. Fim ɗin ya dawo mana da wannan firgicin, kuma na gode masa.

Akwai kuma wuri guda da ba na iya mantawa. Yesu ya faɗi da gicciyen a wani lungu, Maryamu tana rakuɓe jikin bango ta kasa matsowa. Sai ta tuno ranar da yana yaro ya yi tuntuɓe ya faɗi a ƙasa, ta yar da abin da ke hannunta ta ruga ta ɗauke shi. Nan take ta kutsa cikin sojoji da gudu. Babu wannan a Littafi Mai Tsarki, amma duk wanda ya taɓa ganin uwa a bakin gadon ɗanta ya san ba ƙarya aka yi ba.

To, yanzu ɗauko Linjila ka duba. Bulalar da fim ya yi mintuna masu yawa a kanta, har kana jin ƙarar ƙarfe na yagar nama, Markus ya gama da ita a cikin rabin aya: Bilatus, gwamnan Romawa, ya sa aka yi masa bulala, ya ba da shi a gicciye shi. Gicciyewar kanta ma haka, "suka gicciye shi", shi ke nan. Matiyu, Luka da Yahaya duk ba su tsaya ƙirga raunuka ba. Ba don sun manta ba ne, masu karatunsu na farko sun sha ganin gicciye da idonsu. Abin da suka tsaya a kai shi ne maganganun da suka fito daga bakinsa da abin da ya faru lokacin mutuwarsa. "Ya Uba, ka gafarta musu, don ba su san abin da suke yi ba." Alkawarin Firdausi ga ɓarawon da ke gefensa. Kukan da ya ɗauko daga farkon Zabura 22. Labulen Haikali da ya tsage daga sama har ƙasa. Jarumin Romawa da ya ce hakika wannan Ɗan Allah ne. Fim ɗin bai zubar da yawancin waɗannan ba, amma kafin ka iso gare su jini ya riga ya rufe maka ido da kunne.

Wannan ne ya fi damuna, domin bangaskiyar Kirista ba ta ce Yesu ya cece mu saboda ya fi kowa shan azaba ba. Dubbai sun sha irin wannan azabar a hannun Roma, wasu ma sun kwana biyu ko uku a rataye. Abin da ya bambanta shi ne wane ne aka rataye, da kuma cewa da yardarsa ya je. In ka cire wannan, abin da ya rage tausayi ne kawai, irin wanda za ka ji wa kowane wanda aka zalunta.

Sai kuma ƙarin da mutane suke ɗauka nassi ne. Shaiɗan da ke yawo a Gatsemani har maciji ya fito, babu shi a Linjila, Luka mala'ika ya ambata wanda ya zo ya ƙarfafa shi. Matar da ta share masa fuska da mayafi, wadda ake kira Beronika, daga al'adar Hanyar Gicciye ta Katolika ta fito, mai matakai 14. Matar Bilatus da ta kawo wa Maryamu fararen ƙyalle don goge jini, wannan daga ru'o'in Anne Catherine Emmerich ne, wata 'yar zuhudu Bajamushiya da ta rasu a 1824. Matiyu mafarki kaɗai ya ce matar ta yi. Mai shirya fim yana da 'yancin ƙari, ban hana ba. Amma na sha jin mutum yana kafa hujja da abin da ya gani a allo, yana rantsuwa a rubuce yake.

Bilatus ma an wanke shi fiye da kima. A fim mutum ne mai tunani da aka matsa wa lamba. Bilatus na tarihi kuwa, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, Filo da Yusufus, marubutan Yahudawa na wancan zamani, sun bayyana shi da taurin kai da zubar da jini, Luka 13 ma ta ambaci Galilawan da ya gauraya jininsu da hadayarsu. Idan ka tausasa Bilatus, nauyin duka sai ya koma kan Yahudawa, kuma tarihi ya nuna abin da wannan zargin ya jawo musu a Turai tsawon ƙarnuka. Ikkilisiyar Katolika da kanta ta bayyana a 1965 cewa ba za a ɗora laifin a kan dukan Yahudawa ba, na da ko na yanzu. Gibson ma, hannunsa ne aka nuna yana riƙe da ƙusa a fim ɗin, wato yana cewa zunubinsa ne ya kai Yesu can. Da ma sauran fim ɗin ya bi wannan hannun.

Na san abokaina Musulmi za su karanta wannan, kuma na san aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su kuma gicciye shi ba. A nan muka rabu, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Roƙona dai, wanda yake so ya fahimci abin da maƙwabcinsa Kirista ya riƙe, kada ya auna shi da fim ɗin Hollywood.

Tashi daga matattu, wanda Bulus ya ce in babu shi wa'azinmu banza ne, bangaskiyarmu ma banza ce, minti ɗaya ko biyu aka ba shi a ƙarshe. Koyarwar kan dutse da jibin ƙarshe, walƙiya kawai suke yi su wuce. Don haka in wani ya tambaye ni ko ya kalla, ina cewa ya kalla, ban da yara ƙanana, domin ko a Amurka an sa shi a rukunin finafinan manya. Amma kafin nan ya zauna da Linjilar Markus. Sura 16 ce kacal, ana gama ta a zama ɗaya, kuma sai ka wuce sura 13 kana tare da mutumin nan, yana warkar da kuturu yana cin abinci da masu karɓar haraji, kafin a zo kama shi.