Jirgin hawan salla da jirgin Dajin Rugu

A wata rumfar mai shayi da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, inda nakan yada zango bayan sallar isha'i, na tarar da samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya kamar kaji sun ga tsaba. Na zaci ƙwallo ce. Ashe jirgin yaƙi suke kallo, Su-57 na Rasha, a bikin baje kolin jirage da aka yi a Bengaluru ta ƙasar Indiya cikin Fabrairun 2025, inda shi da F-35 na Amurka suka tsaya a fili ɗaya. Jirgin ya miƙe sama ɗoɗar, ya tsaya cik kamar an rataye shi da igiya, sannan ya sulalo yana juyi kamar busasshen ganye. Nan take musu ya kaure, irin na 'yan Madrid da 'yan Barcelona. Ɗaya ya rantse ko shaho bai iya abin da wannan ya yi ba. Ɗaya ya ce duk wasan yara ne, ai na Amurka layar zana gare shi, sai dai ka ji an buge ka ba ka ga wanda ya buge ka ba.

Akwai wani dattijo a ƙarshen benci, mutumin wani ƙauye ta wajen Batsari, wanda 'yan bindiga suka koro, yau shekara biyu ke nan yana zaune gidan ɗansa a cikin gari. Ya ajiye kofi ya ce, "Ku yara, jirgin nan da kuke ta kurantawa, yana ganin mashin a ƙarƙashin icce?"

Suka yi dariya. Babbansu ya ce, "Haba Baba, ai wannan ba na 'yan mashin ba ne, na manyan ƙasashe ne."

"To, Allah ya ba manyan ƙasashe sa'a," in ji shi, ya ɗauki kofinsa.

Ni dai a ganina Baba ne ya ci musun, ko da yake ba ya cikin masu yin sa.

Mu mutanen Katsina da Daura bai kamata wasan jirage ya ruɗe mu ba, domin mun san irinsa tun muna goye. Wanda ya taɓa tsayuwa a filin Kangiwa ranar hawan salla, ko ya ga hawan Magajiya a Daura, ya ga jahi. Mahaya su sako dawaki a guje, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo daf da inda sarki yake su ja linzami, doki ya tokare da ƙafafun baya, su ɗaga hannu su yi jinjina. Abin sha'awa ne, kuma ba ƙaramar gwaninta ba ce. Amma babu wanda ya taɓa cewa dokin da ya fi kyan jalala, ya fi iya rawa a gaban Ƙofar Soro, shi ne zai fi jure tafiyar kwana uku ba wadataccen ruwa. A zamanin da ake yaƙi a kan doki, masu abin sun san bambancin, ba sa haɗa dokin ado da dokin fama.

Bikin jirage na Faris, da na Farnborough a Ingila, da na Dubai, hawan salla ne na sojojin sama, a lokaci guda kuma kasuwa ce. Jirgin da za a yi wasa da shi yawanci a kan rage masa kaya: mai kaɗan a tanki, babu bama-bamai a ƙarƙashin fukafukai, matuƙin kuma gwani ne da ya maimaita wannan rawar har ta zauna masa. Shahararren juyin nan da ake kira Kobra, wanda Viktor Pugachev ya nuna wa duniya da jirgin Su-27 a Faris cikin 1989, jirgi ne zai ɗaga hanci har ya wuce tsaye, kamar gamsheƙa ta fasa kai, sannan ya koma ya kwanta. Yana nuna ƙarfin inji da kyan ƙira, babu musu. Sai dai a daidai wannan daƙiƙar jirgin ya zubar da kusan duk gudunsa, kuma jirgin da ya rasa gudu a fagen fama ya zama nama. Matuƙin kansa ba a banza yake sha ba. In ya karya kwana da ƙarfi, nauyin jikinsa kan ninka har sau tara, jini ya gudu daga kai zuwa ƙafafu, shi ya sa suke sa wando na musamman mai matse cinya da ciki don kada su suma.

Yaƙin sama na yau kuwa yawancinsa ba a ido da ido ake yin sa ba. Wanda radarsa, wato na'urar hango jirage daga nesa, ta fara gano abokin gaba, wanda makaminsa mai linzami ya fi nisan zango, wanda yake da wani jirgin a bayansa mai ba shi labarin abin da ke gabansa, shi ke da rinjaye. Akwai makaman da ke cin fiye da kilomita 100. A artabun Indiya da Pakistan na watan Mayun 2025, Pakistan ta ce jiragenta ƙirar J-10C na Sin sun harbo jiragen Indiya, har da Rafale ƙirar Faransa, kuma ɓangarorin biyu sun yi ta jayayya a kan adadi. Abin lura a nan shi ne daga nesa aka yi ta harbin juna. Babu wanda ya yi Kobra. Duk abubuwan da suka yanke hukunci a wannan dare, ba ɗaya da ɗan kallo zai iya gani a filin biki, balle a fuskar waya.

Kuma wasan ba ya rasa haɗari. A Ramstein ta Jamus cikin 1988, jiragen tawagar Italiya sun yi karo a sama, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka mutu. A Sknyliv ta Yukren cikin 2002, Su-27 ya kife cikin jama'a, aka rasa 77. Mu ma mun ɗanɗana: ranar 28 ga Satumban 2018, jirage biyu ƙirar F-7 na sojojin samanmu suka gogi juna a sararin Abuja suna gwajin faretin bikin 'yancin kai, suka faɗi ta wajen tsaunin Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu. Jirage biyu da gwani guda, a ƙasar da jiragen yaƙinta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, a shekarar da ake neman kowane jirgi a Borno da Zamfara. Har yau in na tuna sai in ji abin ya tsaya mini a rai.

To mu koma ga tambayar Baba. Abokin gabarmu a Dajin Rugu da dazukan da suka haɗa mu da Zamfara ba shi da jirgi, ba shi da rada da za a ɓuya mata. Mashin gare shi, su hau bibbiyu ko uku-uku, su shiga duhuwa, su saje da makiyaya da manoma, su kwana yau a nan gobe a can. Layar zanar F-35, wato ƙirar da ke ɓoye shi daga rada, wadda ita ce ta sa ya yi tsada, ba ta da aikin yi a kansa. Abin da ake bukata shi ne jirgin da zai daɗe yana shawagi a bisa wuri ɗaya, ya ga ƙasa da kyau dare da rana, ya yi magana da sojan da ke ƙasa, ya jefa makami daidai inda aka nufa, kuma gobe da safe a iya sake tayar da shi ba tare da baitulmali ya yi kuka ba.

In aka ɗora jiragenmu iri biyu da suka iso a 2021 a kan wannan ma'auni, sai lissafi ya juye. JF-17 guda uku da aka sayo daga Pakistan, ƙirar haɗin gwiwa da Sin, sun fi sauti gudu, suna da rada, suna iya tare jirgin wata ƙasa. Su ne za su fi burge samarin rumfar shayi. A-29 Super Tucano guda 12 kuwa, da aka kashe musu kusan dala miliyan 500 har da makamai da horo da gyaran sansaninsu na Kainji, farfela gare su a hanci kamar jiragen da. Ƙirar kamfanin Embraer ne na Brazil, a Amurka aka harhaɗa namu, kuma gudunsu bai kai kilomita 600 a awa ba. Na ji mutane da dama suna raina su a lokacin, wai an sayo mana jirgin feshin gona. Amma rashin gudun nan shi ne amfaninsa. Mai gudu ya wuce daji fuu kamar walƙiya, mai ya ƙare masa da wuri, ya koma gida. Mai farfela ya yi awoyi yana kewaya, da na'urar da ke ganin zafin jikin mutum da na inji cikin duhu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada a ce na ce jirgi mai gudu ba shi da rana. Ƙasa kamar Najeriya ba za ta zauna ba abin da za ta tare baƙon jirgi da shi ba. Tsofaffin Alpha Jet ɗinmu, da aka sayo tun farkon shekarun 1980, sun yi aiki a Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, kuma a Janairun 2017 an tura su Senegal lokacin da ake lallashin Yahya Jammeh da ya sauka daga mulkin Gambiya. Shi kansa wasan jirage yana da nasa amfanin. Jahi ma ai ba ado kaɗai ba ne, nuna ƙarfi ne da mubaya'a, kuma yaro nawa ne ya fara son doki daga kallon hawa? Wataƙila cikin samarin nan huɗu akwai wanda bidiyon zai kai shi makarantar koyon tuƙin jirgi ta Kaduna. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki ma'aunin filin biki a auna bukatar Safana da Ɗanmusa da Faskari da shi.

Akwai kuma abin da ba a taɓa nunawa a biki: bakanike da safaya. Duk mai doki ya san sayensa ba shi ne wahala ba, dawa da harawa da kanwa na kullum su ne. A tsakiyar shekarun 1980 Najeriya ta sayi jiragen Jaguar 18, jirage na gani na faɗa a wancan zamani, amma zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye su, kuɗin kula da su ya gagara. Yau rundunar sojojin samanmu tana da jirage daga Amurka, da Sin, da Pakistan, da Rasha, da Italiya, da masu saukar ungulu ƙirar T-129 daga Turkiyya. Kowanne da irin safayarsa, da irin makaminsa, da irin horon bakanikensa. JF-17 ma kaɗai, jikinsa daga Pakistan da Sin, injinsa na Rasha. Kuma mai sayar maka da jirgi yana riƙe da ƙarshen igiyar. Cinikin Super Tucano ya tsaya cik a ƙarshen mulkin Obama, sai a zamanin Trump aka amince. Da suka iso kuma aka yi ta muhawara kan ko sharuɗɗan cinikin sun yarda a yi amfani da su a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma, har zuwa lokacin da wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamban 2021.

Mazauna kusa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa sun saba da rugugin tashin jirage tun farmakin Diran Mikiya da sojojin sama suka kai wa 'yan bindiga a 2018. Duk da haka, a Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji da ƙafa, alhali shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, yana Daura. A ranar 18 ga Yulin 2021 kuma 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara. Matuƙin, Abayomi Dairo, kujerarsa ta cilla shi ya sauko da laima, ya yi ta ɓuya cikin daji har Allah ya kai shi hannun sojoji. Waɗannan biyun sun isa su nuna cewa jirgi ba tsafi ba ne. In labari bai zo da wuri ba, ko babu sojan ƙasa da zai bi bayan ruwan wuta, sai a yi ta ƙona mai a sama, mutanen nan su fito daga maɓoya bayan ƙura ta lafa.

Mafi ciwo kuma shi ne ranar da ido ya gani amma bai gane ba. A Rann ta jihar Borno, cikin Janairun 2017, jirgin sojojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, mutane fiye da 100 suka mutu. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya afka wa masu taron Mauludi, aka rasa aƙalla 85. A duka biyun makamin ya sauka inda aka saita shi. Wanda ya saita ɗin ne bai san su waye a ƙasa ba. Shi ya sa in ana kwatanta jirage, ni abin da nake so in ji ba gudu ba ne ko yawan bam. Wa ke tabbatar da cewa taron da aka hango na 'yan bindiga ne, ba na biki ko jana'iza ba? Mutum nawa ne za su amince kafin a danna? In an yi kuskure, wa zai amsa? Ga manomin Jibiya, jirgin da ba ya bambanta shi da ɓarawon shanunsa ƙarin abin tsoro ne kawai ya samu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Yanzu ana jiran jirage 24 ƙirar M-346 da aka yi oda daga kamfanin Leonardo na Italiya. Na tabbata ranar da za a ƙaddamar da su za a yi fareti, za su wuce a jere suna fitar da hayaƙi, bidiyon ya cika wayoyin rumfar shayi. Ina fata kafin ranar, 'yan majalisarmu na Katsina da ke Abuja su tambayi rundunar abubuwa a bainar jama'a: nawa daga cikinsu za a girke kusa da mu, safayar shekara nawa aka haɗo da su, kuma daga lokacin da mai gari ya buga waya ya ce ga mashina nan sun tunkaro, minti nawa jirgi zai yi kafin ya iso.

Baba dai bai jira ƙarshen musun ba. Ya biya kuɗin shayinsa, ya tambayi mai rumfar ko ya ji labarin hanyar Batsari ta yi sauƙi, domin yana son ya je ya dubo geronsa da ya ba wani ɗan uwansa ya noma masa, in ji shi, kafin a riga shi girbewa.