Angon ƙarni, in an watse daga suna ka dubi matarka

Da ku nake, 'yan uwana matasa magidanta, musamman waɗanda Allah ya ba haihuwar fari. Mun iya hidimar suna, wannan ba a magana. Tun ciki na wata bakwai mutum ke ɗaure rago, ya kai ɗinkin shadda, ya sayo atamfofin fitar suna, goro da dabino da alewa, har da mai ɗaukar hoto. Ranar bakwai a raɗa suna, a ci a sha, a watse. Washegari angon ƙarni ya koma kasuwa hankali kwance, a ganinsa ya fita kunya. Maijego kuwa, duk wanda ya shigo jariri yake nema, a duba hancin wa ya ɗauko. Ita tambayarta ba ta wuce "ya ƙarfin jiki?", amsar ma a haddace take: "Da sauƙi."

Ni ma haka na yi, shi ya sa nake da bakin magana.

Haihuwarmu ta fari, a ɗakinta ta yi jego, aka ɗauko gwaggonta daga ƙauye ta zauna da ita. Tsohuwar kirki, Allah ya saka mata da alheri. Safe da yamma a hura itace ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata. Ta fito jiki na tururi, a miƙo mata kwanon kunun kanwa. Ni nawa sayen itace da kauri. Wajen mako na uku na lura ta daina kwanciya. Da dare sai ta jera filo uku ta jingina da bango, ta yi barci a zaune tana tari ƙasa-ƙasa. Silifas ya daina shiga ƙafarta, in ka danna ƙaurinta da yatsa wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. Da na yi magana, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, sanyi ne ya shige ta, ruwan ne ba ya zafi. Mu da muka haifi tara haka aka yi mana." Na ji nauyi na ja bakina. Kwana biyar na ƙara ina kallo, har daren da numfashi ya gagara muka fita neman a-daidaita-sahu. Likita ta ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Sai ta juyo ta ce, "Malam, tun yaushe take barci a zaune?" Ban iya ɗago kai ba.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta a kansa daga asibitin koyarwa na Zariya, inda aka ƙiyasta kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu tana kamuwa da shi. Sun zargi kanwa, saboda gishirin da ke cikinta yana riƙe ruwa a jiki, da kuma zafin wanka da gashi. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna ba a nan maganar ta tsaya ba: hawan jinin masu ciki, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom, wanda jiki ke samu daga abinci, duk suna da hannu. Don haka ban ce kowa ya je ya fasa tukunyar surukarsa ba. Ruwan ɗumi yana sassauta jiki, kuma zaman tsohuwa da maijego gata ne da mata a wasu ƙasashe ke nema ba su samu. Amma ruwan da ke saɓule fata ba magani ba ne, kuma matar da aka ce jininta ya hau lokacin ciki, a raba ta da kanwa.

Ka san halin da jikinta ke ciki. Mahaifa tana kai kusan kilo 1 ranar haihuwa, sai ta yi mako 6 kafin ta koma yadda take, inda mabiyiya ta rabu kuwa ciwo ne ɗanye. Jinin biki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 yana raguwa. In an yi mata ƙari ko aiki, ga ɗinki. Ga nono ya cika yana zogi, ga barcin da ba ya haɗa awa uku a jere. Wadda ke cikin wannan hali ce wani zai dawo ya tarar ba a yi tuwo ba ya kumbura fuska.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu, ba a kuma shawara da kowa. Jinin da ke jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko gudaji manya. Zazzaɓi da jini mai wari. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, domin jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu, ba sai da ciki kaɗai ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Haki, da kasa kwanciya irin wanda na ba ku labari. Ko lafiya lau take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da ɗa cikin awa 24 na farko, sai wajen kwana na 3, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na 6. Mu kuwa jariri kawai ake kaiwa allura, uwar tana tsaye a gefe riƙe da jaka.

Ɗaya ciwon ba ya kumbura ƙafa, shi ya sa ya fi wuyar gani. Yawancin masu jego kan yi ɗan kuka babu dalili daga kwana na uku, saboda sauyin sinadaran jiki, kuma yana wucewa kafin mako biyu. In ya zarce haka, ta daina cin abinci, jariri na barci ita idonta biyu, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, ko ta zauna jugum yaron na kuka ba ta motsa, to ciwon damuwa ne. Fiye da mace 1 cikin 10 da suka haihu na fama da irinsa, kuma yana da magani. Kar ka ce mata "wasu nema suke ba su samu ba", ta sani, kuma abin da ke cin ta ke nan. Alkunyar ɗan fari ma tana rufe abin: mace ta ƙi ɗaukar ɗanta, a ce kunya ce, har a yaba mata. Akwai kuma mai tsanani, da ke kama 1 ko 2 cikin 1,000, mace ta soma sambatu, tana jin muryoyi, ta kwana ba ta runtsa ba. Nan take sai a ce iska ce ko maita. A yi addu'a, a yi tofi, amma a cikin mota kan hanyar asibiti, kuma kar a bar ta ita kaɗai da jaririn. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, duk don irin wannan aka gina su, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mai ganin kukan maijego raunin imani ne, ya koma Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa 26. Da naƙuda ta tsananta, Nana Maryam fatan ta yi da ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. Cewa aka yi kar ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga ɗanyen dabino, ta ci ta sha hankalinta ya kwanta.

Maganar shimfiɗa kuwa, arba'in ba ƙararrawa ba ce. Sai jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, ita ma ta ji ta shirya. Ciki yana iya shiga kafin al'ada ta dawo, don haka ku yi maganar tazara da ma'aikaciyar lafiya tun kafin kwanika ta same ku.

Na san abin da ke ɗaure mu: ta yaya zan ja da surukata? Ba ja ba ne. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Hajiya, likita ce ta ce a dawo da ita yau, ko za ki raka mu?" Ka sa ta a gaban mota. In ta ji da kunnenta, ita za ta fi ka tsare dokar.

Maiɗakina ta daɗe tana shan magani, kuma sai da likita ta sake duba zuciyar ta amince kafin muka nemi na biyu. Gwaggo ce dai ta sake zuwa. Da safen farko ina tsakar gida na ga ta sirka ruwan, ta tsoma gwiwar hannunta ta ji, ta ƙara na sanyi. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, duba katin nan, yaushe suka ce a mayar da ita?"